Yadda ake ƙulla wa yara tatsuniyar aljana da ƙawaye biyu

Mai son rubuta wa yara labarin aljana da Hausa ya fara sanin cewa aljanarmu ba 'yar mitsitsiyar nan mai fukafukai ta labaran Ingila ba ce. Yaron Kano ko na Damagaram ya taso ana hana shi zama gindin tsamiya da magariba, ana kwaɓarsa in ya zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismilla. A wurinsa aljani gaskiya ne. Ka siffanta masa ita da kofato da jajayen idanu, ranar ba mai barci a gidan. Kakanninmu sun san maganin wannan: aljanar takan fito a siffar tsohuwa a bakin rafi, tana roƙon a cuɗa mata baya. Yaro zai ji gabansa ya ɗan faɗi, amma ba zai firgita ba. Kada kuma yaran cikin labarin su je roƙon aljana ko su yi mata yanka, iyaye ba za su yarda a karanta wa 'ya'yansu ba. Ita za ta tare su, ta gwada halinsu.

Inda labaran nan suka fi lalacewa shi ne wajen abin al'ajabin da tsohuwar ta bayar. In yana iya komai, labari ya mutu tun a nan, don babu sauran abin fargaba. A ba shi doka guda tak, a faɗe ta a fili tun da wuri. Misali, ƙwarya ce mai cika da fura in an yi mata waƙa, amma duk ranar da ɗaya daga cikin ƙawayen biyu, a ce Ladi da Talatu, ta sha ita kaɗai a ɓoye, sai ta tsage. Ka ga dokar da kanta ta ɗaure abotar. Ladi mai ƙarfin hali ce amma ga kwaɗayi, Talatu matsoraciya ce amma ba ta mantuwa. Dole a karya dokar a tsakiyar labari, kuma ƙawayen ne za su gyara ɓarnar da hannunsu. Da zarar tsohuwa ta dawo ta ɗinke musu ƙwaryar, an ƙwace wa yaro daɗin labarin.

Gwaji uku sun isa, kowanne ya fi na baya wuya. Masu suna a cikin labarin kada su wuce 4. Ga 'yan shekara 5 zuwa 8, kalma 500 zuwa 700 ta wadatar.

Waƙa kam ba a barin ta. Layi biyu, a maimaita sau uku ba a canza ko kalma ɗaya ba:

Ƙwarya, ƙwarya, cika mana,
Mu biyu ne, raba mana.

A karo na uku mai karatu ya yi shiru, yaran za su ɗauka da kansu.

A buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a jira su amsa "Ta zo mu ji ta", a rufe da "Ƙurunƙus kan kusu". Kafin a buga, a karanta wa yara biyu ko uku da baki. Duk inda suka fara waige-waige ko wasa da yatsu, a sa alama a wurin, a rage shi. Galibi dogon bayanin daji ne, ko wa'azin da aka cusa a bakin tsohuwa.