Da Aftikos ɗan Tawa ne

Lahadin da ta wuce bayan an tashi sujada muna zaune ƙarƙashin bedi bakin coci muna jiran shayi ya nuna, sai wani yaro cikin matasa ya tambaye ni wai yaya, dariya cikin gidan Allah zunubi ce? Na ce mi ya kawo wannan tambaya, ya ce innarshi ce ta zungure shi da gwiwar hannu don ya yi dariya lokacin wa'azi. Na ce to je ka tambaye ta sunan ɗan Saratu, don cikin Farawa 21 ita da bakinta ta ce Allah ya sa ta dariya, kuma ma'anar Ishaku ke nan. Bai tahi ba dai, ya san hannun innarshi.

Ni abin da ke burge ni da barkwancinmu na nan Tawa, in ba ka san Littafi ba ba ka gane shi, sai ka ga mutane na ta ƙyaƙyata kai kana zare ido. Tun 1932 anka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, tsoffinmu sun sha karatunshi har ya shige musu cikin magana, shi ya sa in tsohuwa za ta yi maka ba'a da aya take yi, ba ka da bakin ramawa.

Misali kawuna, mutumin Galmi ne, can inda mishan ta buɗe asibiti a 1950, kuma duk wanda ya san Galmi ya san albasa ce sarauniyar garin. Kullum shi maganarshi guda ce, wai Isra'ilawa da sunka yi ta gunaguni cikin jeji suna tuna kifi da albasa da tafarnuwar Masar (duba Littafin Ƙidaya 11:5 in kana tsammanin ƙarya nike), Musa ne bai san hanya ba, da ya biyo da su tsakanin Konni da Madawa da buhu biyu sun kashe rigimar. Ya maimaita wanga labari ya fi sau ɗari kuma har yau shi ke fara dariya kahin kowa.

Sai maganar baiko, nan kam ba a ƙarewa. Ma'ajin cocinmu in yana ƙirga kuɗi bayan sujada sai ka ji yana gaida tsaba, sannu dala biyar, sannu mai tsoron Allah, ke ba ki fashin Lahadi. Ya ce shekara nawa yana wanga aiki, takardar jikka goma ba ta taɓa tuba ba, ita sai gidan biki da wurin mai kilishi, jikka guda ma sai Nowel da Ista take leƙowa kamar wasu da ba zan kama suna ba. Ranar da anka karanta Luka 19 kuwa, labarin guntun mutumin nan mai karɓar haraji da ya hau icce, yana jin an ce Zakka ka yi maza ka sauko sai ya ɗaga kwandon baiko ya ce amin, ta sauko nan ciki. Fasto da kanshi sai da ya ɓoye fuska bayan Littafi.

Muna da wani dattijo mai sanƙo, yara in sun dame shi ba ya duka, sai ya ce ku je ku karanta 2 Sarakuna sura 2, abin da ya samu yaran da sunka yi wa annabi Elisha ba'ar sanƙo, dabbar jejin nan beyar ta hito ta yayyage su. Wata ƴar yarinya ta karanta ta dawo ta ce Baba ai nan babu wannan dabba, sai jakkai. Ya ce ai jakar Bal'amu ma magana ta yi, ki kiyayi kanki.

A ganina jinin ƙasar ne, mu mutanen wasan tobastaka ne, Bagobiri da Bazabarme, Bahillace da Babarbare, har UNESCO ta sa abin cikin kundinta a 2014, to mun shigo da halinmu coci. Amma akwai iyaka da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba, ana wasa da fasto da ma'aji da mawaƙa masu ɗaukar waƙa sama har ta gagare su, ba a taɓa sunan Ubangiji, kuma ba a taɓa addinin maƙwabta, mu ƴan kaɗan ne cikin gari, waɗanda muke cin naman layyarsu su ci shinkahwar Nowel ɗinmu. Irin labarun barkwancin da ake turowa a WhatsApp an kwaso daga wata ƙasa an juya su Hausa da ƙarfi, su kam ba su da gishiri, sai ka karanta har ƙasa kana neman inda za ka yi dariya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Afrilu, zahi ya kai maƙura, ruhin kwano na gasa mu, wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, Baba Fasto kuma ya ce "daga ƙarshe" sau ukku bai ƙare ba. Rabin benci na gyangyaɗi. Da anka hito shugabar zumuntar mata ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi ta ce Baba Fasto, Allah ya ƙara shafewa, amma ka tuna Ayyukan Manzanni 20, Bulus ya ja wa'azi har tsakad dare, wani saurayi Aftikos ya yi barci bakin taga ya hwaɗo daga hawa na ukku, shi dai Bulus ya iya tashe shi, kai fa? Ya ce na ji Mama, na gode.

Lahadi ta gaba yana hawa bagade sai ya dubi tagogi ɗaya bayan ɗaya, ya ce na auna, cocinmu ba bene ba ne, wanda ya hwaɗo sai dai ya karkaɗe riga ya dawo. Ya buɗe Zabura 119, mai aya 176, ya ce yau daga farko za mu fara.