Yadda muka tsara wurin ajiyar takalma da jakunkuna a wani ɗakin taro a Sakkwato

Ɗakin taron da aka ba ni aikin tsara wa wurin ajiya yana ɗaukar mutum kusan 600, kuma an shimfiɗe shi da kafet, don haka ba a shiga da takalmi. Ana walimar aure a ciki, ana lacca, ana musabaƙa, wani lokaci kuma a yi jarrabawar da ba a yarda a shiga da waya ko jaka ba. A ƙasashen sanyi, don riguna masu nauyi ake gina irin wannan wuri. Mu a Sakkwato kwat da suwaita sai Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama. Kayanmu na kullum su ne takalmi, jaka, waya, hular kwano ta masu babur, da sandunan dattijai.

Abin da na fara gaya wa masu ɗakin shi ne a manta da shigowa, a yi lissafi da fita. Baƙi ɗaiɗai suke zuwa, cikin awa guda ko fiye, amma da an shafa fatiha gaba ɗaya suke miƙewa. Mun ɗauka mutum 400 ne za su ba da ajiya. Idan tagar miƙa kaya huɗu ce, kowace ta sami mutum 100. In ma'aikaci na miƙa kaya cikin daƙiƙa 10, layinsa zai ƙare cikin minti 17. In sai ya yi daƙiƙa 30 yana dube-dube, minti 50 ke nan, kuma babu mai tsayawa haka ƙafa ba takalmi. Tun kafin a kai rabi wasu sun zagaya bayan kanta suna ɗaukar nasu da kansu, daga nan ne takalmi ke musanyuwa. Duk sauran tsarin don kare waɗannan daƙiƙu 10 aka yi shi.

Hanyar kare su ita ce lambar da ke hannun baƙo ta zama ita ce ke faɗa wa ma'aikaci inda zai kai hannu. Mun sa kafinta ya haɗa kanta huɗu, kowace mai gurbi 100: jeri 10 daga sama zuwa ƙasa, kowane jeri gurbi 10. Lamba 347 tana nufin kanta ta 3, jeri na 4, gurbi na 7. Ana fara ƙirga jeri da gurbi daga sifili, shi ya sa kanta ta 3 ke ɗauke da 300 zuwa 399. Yaron da aka nuna wa wannan da safe, kafin azahar ya daina karanta rubutun jikin katako, hannunsa kawai ke zuwa wurin.

Ga awon gurbi ɗaya: faɗi santimita 25, tsayi 14, zurfi 33. Faɗin na ɗaukar takalmin babban mutum ƙafa biyu a jere, zurfin kuma ya ishi lamba 45 da 46 ba tare da dunduniya ta leƙo ba. Takalmin mata mai tsini kwantar da shi ake yi. Da katako mai kaurin milimita 18, kantar na fitowa da faɗin santimita 270 da tsayi kusan 172, har da ƙafafun santimita 12 da suka ɗaga ta daga ƙasa saboda ruwan mopa da gara. Kafinta zai so ya yi gurbi 9 a jeri, domin allon katakon da ake sayarwa ƙafa 8 ne, wato santimita 244, kuma tara ne ke shiga ba a yi ɗori ba. Kada a yarda. A biya kuɗin ɗorin a sami goma, don da tara lissafin lambar ya rushe ke nan, kullum sai an karanta an nema. Haka kuma kada a wuce tsayin 172 ɗin. Duk jerin da sai an yi ɗage ko an taka kujera, ɓata lokaci ne. Jerin sama da na can ƙasa ma mu kan bar su sai na tsakiya sun cika.

Kowace kanta tana bayan ma'aikacinta ne kai tsaye. Teburin miƙa kaya tsayin santimita 95, faɗi 50. Tsakaninsa da kanta 110, yadda mutum biyu za su gifta juna. Idan ma'aikaci yana tsakiya, gurbi mafi nisa taku biyu ne. Idan aka haɗa, wurin ya zama mai tsawon mita 11 da zurfin mita 2, shi ya sa doguwar baranda ta fi ɗaki mai kusurwa huɗu dacewa da wannan aiki. Ɗakin da aka fara nuna mana yana da girma, amma ƙofarsa ɗaya ce, ko ma'aikaci goma aka zuba ciki ta ƙofa ɗaya za su miƙa kaya. Muka bar shi ya zama sito, muka rufe baranda ta gefen arewa, wadda rana ba ta cika dukanta ba. Taga biyu na maza a kusa da ƙofarsu, biyu na mata a ɗaya ƙarshen, da labule a tsakani, kuma mata ne ke karɓar kayan mata.

Batun lambar hannu ya fi yadda ake zato muhimmanci. Takarda ba ta aiki a nan: gumi ya jiƙa ta a aljihu, biro ya watse, 3 ta koma 8. Mun yanka roba mai kauri, muka rubuta lamba manya, muka huda muka zura zaren roba da ke shiga wuyan hannu, domin yawancin mata ba su da aljihu, jakar da za su saka ta kuma ita ce aka ba da ajiya. Kowace kanta da launinta, ja, kore, shuɗi, rawaya, an kuma shafa launin a saman tagar. Tsohuwar da ba ta karanta lambar boko ta san dai ja ce a hannunta, ta nufi jar taga. A ja layi a ƙarƙashin duk lambar da za a iya karantawa a kife, musamman masu 6 da 9, irin su 106 da 168. Kowace lamba tana rataye a ƙusa a bakin gurbinta. Gurbin da lambarsa ke rataye babu kowa ciki. Wanda ƙusarsa ke wayam akwai kaya. Ta haka ba a taɓa ba mutum biyu gurbi ɗaya, kuma da an tashi taro, kallo ɗaya ya isa a san lambobin da ba su dawo ba.

Wani abu da ba ya zuwa rai da wuri: waɗanda suka zo tare, tare suke tafiya. Idan motar dangin amarya ta sauke mutum 18 aka zuba su duka a taga ɗaya, a wajen fita tagar za ta cushe, ta kusa da ita na zaune. Shi ya sa muke tsayar da mutum ɗaya a bakin layi yana rarraba su, wannan nan, wancan can. Iyali ɗaya kuwa, uwa da 'ya'yanta ƙanana, a haɗa nasu a leda ɗaya ƙarƙashin lamba ɗaya.

Babban abin da ke toshe layi ba ma'aikaci ba ne, mai karɓa ne. Da an miƙa masa takalmi sai ya yar a gaban tebur, ya sunkuya yana ɗaure maɗauri, na bayansa na jira. Maganinsa shi ne benci, amma a nesa, mita 3 zuwa 4 daga tebur, ta gefen da ake fita, da tabarmar roba a shimfiɗe har can. Ma'aikaci na miƙawa yana cewa, "Alhaji, ga benci can gaba, a zauna a sa a natse." Dattijo kuma akwai yaron da ke riƙe masa har bencin. Tabarmar da rumfar da ke samanta ba ado ba ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, siminti da tsakar rana ba ya takuwa da ƙafa tsirara, kuma in babu shimfiɗa kowa zai ƙi matsawa daga inuwar tebur. Igiya ko ƙarfe ya raba hanyar zuwa da ta komawa, kada masu fita su yi karo da masu jira.

Sai lokacin salla, wanda duk tsarin da bai yi la'akari da shi ba zai sha wuya. Taron da ya ratsa la'asar ko magariba fita biyu gare shi, domin jama'a za su nemi takalmi su je alwala, su dawo su sake bayarwa. Mun sayi silifas na roba masu yawa, launi ɗaya, muka huda kowanne a gefe don a gane na wurin ne, muka zuba a manyan kwanduna a ƙofar da ke kallon wurin alwala. Mai zuwa alwala ya zura, ya dawo ya mayar. Kantoci ba a taɓa su sai tashi.

Jakunkuna da hulunan kwano suna da kantarsu dabam mai gurbi santimita 40 ta kowace fuska, kuma su lamba biyu ake yi musu, ɗaya a hannun mai kaya, ɗaya ɗaure a jikin jakar, saboda jaka kan zame ta faɗo. Ga rigunan sanyi, bututun ƙarfe ɗaya a tsayin santimita 165 ya wadatar. Mita guda na ɗaukar riga kamar 15, kuma kowace hanga da lambarta a jere. A sa labule a gabansa, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta mayar da baƙar kwat fara kafin a tashi. Sanduna da lema a tsaye a cikin ganga, da lamba a maƙale.

Waya ita ce na fi tsananta wa. Ana kashe ta a gaban mai ita, a sa a jakar yadi mai lamba, a jera a akwatin katako mai kwaɗo wanda mutum ɗaya tak ke riƙe da makullinsa. Kada a ajiye akwatin a ƙarƙashin kwanon da ba silin, ko jikin bangon yamma. Kamfanin Apple ya ce kada a ajiye wayoyinsa a zafin da ya wuce digiri 45, kuma akwati a rufe a bazarar Sakkwato na iya zarce haka. Batir ne ke kumbura. Ba ma yi wa kowa caji, domin waya a caji zafi take ƙarawa, kuma nan ne ake cire ta daga jakarta ta rabu da lambarta. Kuɗi da gwal ba ma karɓa sam, an rubuta haka da boko da ajami a saman kowace taga. Ajiya amana ce, kuma a fiƙihu mai riƙon ta yana biya idan sakacinsa ne ya jawo asara, don haka ba ma ɗaukar abin da ba mu da wurin tsare shi.

Wanda ya yar da lambarsa ba a sallamarsa a cikin layi, ko wane ne shi. A ce, "Hajiya, a yi haƙuri a ɗan zauna, yanzu za a duba miki." Idan layi ya ƙare, ragowar kayan kaɗan ne. Ya faɗi kamannin nasa tun kafin a nuna masa, in waya ce ya buɗe ta da kansa, a rubuta sunansa da lambar wayarsa a littafi ya sa hannu. Gurbin kuma a toshe shi da tsumma har sai an yanka sabuwar lamba mai wata alama ta dabam, don kada wanda ya tsinci tsohuwar ya zo da ita a wani taron.

Ma'aikata a shigowa mutum ɗaya a taga ya isa. Minti 15 kafin rufe taro a ƙara ɗaya a kowace: na gaba ya karɓi lamba ya kira ta, na baya ya ɗauko ya rataye lambar a ƙusarta nan take, ba a tara su a tebur. Kowace taga da fitila mai caji a rataye a sama tana haska kantar, a kunne tun kafin magariba, domin tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta ne hannu ke shiga gurbin da ba nasa ba.