Godiya ga waɗanda suka yi aikin dare

Alhamdulillahi, an gama tseren gudun lafiya. Na dawo gida a kan ƙafafuna, ko da yake har yanzu da baya-baya nake saukowa daga bene, yara suna ta yi mini dariya. Saƙonninku duk sun iso, na waya da na Facebook, kuma na gode ƙwarai. Sai dai sunana kaɗai aka rubuta a takardar sakamako, alhali ba ni kaɗai na yi wahalar ba. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in ambaci waɗanda suka ɗauki ragowar nauyin.

Da yawa sun tambaye ni wane irin gudu ne wannan. Gudun fanfalaki da kowa ya sani kilomita 42.195 ne, a kan kwalta. Namu a daji ake yin sa, a bi turba, a hau dutse, a ƙetare rafi, kowace rana sai an haura tsawon fanfalaki, a kwana a tanti, gari na wayewa a sake ɗaura takalmi. An fi jin labarin irin wanda ake yi a tashi ɗaya, kamar tseren da ke zagaya tsaunin Mont Blanc, kimanin kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan. Ban raina wannan ba, azaba ce mai zaman kanta. Amma mai yin sa ba ya barin jikinsa ya huce sai ya kai ƙarshe. Mu kuwa sai mun kwanta, jiki ya yi sanyi, cinyoyi sun ƙage, sannan a ce tashi.

Abin da wanda bai taɓa yi ba zai yi mamaki shi ne, gangara ta fi hawa ɓarna. Hawa numfashi yake ci, gangara kuwa tsokar cinya take yayyagawa, domin ita ce birki a kowane taku. Tsamin jikin ma ba nan take yake nuna kansa ba, sai bayan awa 24 zuwa 72 yake kai maƙura. Wato safiyar rana ta uku kana biyan bashin ranar farko ne, ga na jiya a kai. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta shi ma yana buƙatar kusan kwana guda cur kafin ya koma yadda yake, kai kuma dare ɗaya kawai gare ka, shi ma ba cikakke ba. Don haka ni a wajena, ainihin tseren tsakanin faɗuwar rana da asuba ake yin sa, kuma a waɗannan sa'o'in ba na iya tsinana wa kaina komai.

Yaya, da kai zan fara. Ka bar aikinka da iyalinka ka zo kana jirana a kowane zango. Idan na iso, zuciyata na tashi, ko ƙanshin abinci ba na son ji, kai kuma ka san in ban ci a sa'o'in farko ba gobe babu abin da zan yi gudu da shi. Sai ka zauna a gabana da cokali kamar mai ciyar da yaron goye, kana cewa, "Ƙanena, ba don daɗi za ka ci ba, ci dai." Na yi maka tsawa a daren nan na biyu, ba ka ce uffan ba, ka sake miƙo cokalin. Kai ke wanke safa ka shanya, kai ke canza batirin fitilar goshi, kai ke cika gorunan ruwa ka jera komai yadda da asuba hannuna kawai zan miƙa. Ina barci kana aiki, ina tashi kana tsaye. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya raya maka zuri'a.

Sai ma'aikatan jinya na tantin ƙafa, musamman baiwar Allah da ta riƙa karɓata kowace yamma. Hajiya, ƙafar da ni mai ita ba na son kallo, ke kika riƙe ta da hannu biyu. Kin tsiyaye bororo da allura mai tsabta, kin bar fatar a wurinta don ta rufe ciwon, kin naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya da filasta, kin yi haƙuri da farcen da ya yi baƙi yana shirin fita. Ke kika ce in sassauta igiyar takalmi tun da safe saboda ƙafa za ta kumbura kafin azahar, haka kuwa aka yi. Layin masu jiranki ba ya ƙarewa, amma ban ga kin yi wa kowa gaggawa ba.

Likita, na gode da tambayoyin da a wani wuri da sai in ji kunya. Kullum sai ka tambayi launin fitsari da yawansa. Ka yi mana bayani cewa idan ya koma baƙi-baƙi, alama ce tsoka tana rugujewa tana shiga jini, kuma ƙoda ce za ta ji a jikinta. Ka hana mu haɗiyar ibuprofen duk da ciwon da muke ji, saboda ƙodar da ke fama da ƙarancin ruwa ba ta buƙatar ƙarin kaya. Ka kuma gargaɗe mu a kan ɗirkar ruwa zalla babu gishiri, wanda ke tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Na ga lokacin da ka tsayar da wani ɗan'uwa yana roƙonka ka bar shi ya ci gaba, ka ƙi. A ranar na ji haushinka a madadinsa. Yau ina ganin cikin mu duka babu wanda aikinsa ya kai naka wuya.

Akwai waɗanda ban ga fuskarsu ba. Wasu sun riga mu bin hanyar suna ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a jikin itatuwa da duwatsu, wanda in ba don shi ba mutum ya ɓace cikin duhu. Wasu suna bin bayan na ƙarshe suna kwance ƙyallayen, suna tabbatar ba a bar kowa a daji ba. Wasu sun ɗauki ruwa a ka zuwa inda mota ba ta zuwa, suka zauna cikin iska tun kafin mu iso har bayan mun wuce. Akan yi alfahari da tseren da ake cewa kowa shi ke ɗaukar nauyin kansa, irin Marathon des Sables na hamadar Maroko, wanda Patrick Bauer ya fara a 1986, kimanin kilomita 250, kowa da abincinsa a bayansa. To ko a can, ruwa da tanti da masu duba ƙafa wasu ne ke tanadar su.

Ga abokin tafiyata da muka haɗu a hanya, ko cikakken sunan juna ba mu sani ba sai daga baya: Malam, a doguwar gangarar nan kana da ƙarfin wucewa, amma ka rage gudu ka saka ni a gaba kana haska mini duwatsu. Ba mu yi wata hira ba, in ban da "saura kaɗan" da kake ta faɗa, mu duka mun san ba gaskiya ba ne. Allah ya bar zumunci.

Maiɗakina, naki ya fi na kowa tsawo. Wannan gudu ba a shirya masa sai da dogon gudu ranar Asabar, a sake wani ranar Lahadi a kan gajiyayyar ƙafa, don jiki ya saba tashi bai warke ba. Watanni ke nan ƙarshen mako ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Kin riƙe gida da yara, in na dawo kuma ba ni da amfanin komai sai kwanciya. Mama, kin ce ba ki ga dalilin wannan wahala ba, kuma duk da haka ba ki fasa addu'a ba ko dare ɗaya. Allah ya ƙara girma da lafiya.

'Yan'uwan da ciwo ko ƙurewar lokaci ya fitar kafin ƙarshe, wasunku sun tsaya har ranar ƙarshe suna miƙa mana ruwa. Allah ya ba ku lafiya, ya kai mu wani.

Waɗanda ban amsa saƙonsu ba tukuna, a yi mini uzuri, ina bi a hankali. Wanda kuma ya ara mini sandunan hawa, suna nan, amma ɗaya ta lanƙwashe a tsakanin duwatsu. Zan kawo maka sabuwa da kaina da zarar takalmi ya sake shiga ƙafata.