Motar da aka ce turbonta ya mutu

Har yanzu in na tuna kuɗin da dillalan Yamai suka riƙa taya min motar nan, raina yakan sosu. Peugeot 406 ce ƙirar 2002, mai injin gazuwal HDi na lita 2 da ƙarfin doki 110, irin wadda ke da turbo da ɗan ƙaramin lagireto a gaba mai sanyaya iskar da turbon ke hurawa. Sayar da mota ba sana'ata ba ce. Ma'aikaci ne ni, Asabar da Lahadi kaɗai nake da su, kuma ba abin da ke min daɗi kamar in sami tsohuwar motar da aka fid da rai da ita, in tashe ta, in hau ta ɗan lokaci, in sallama wa wani, in nemi wata.

A Bukoki na same ta, a ƙofar gidan wani dattijo da ya yi ritaya, ƙura ta rufe ta har ba ka gane launinta. Kafin in ce komai ya riga ni: "Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, turbonta ya mutu." Gareji biyu suka gaya masa haka. An ce ya kawo jika 350 na sefa a samo masa wani na hannu, ban da kuɗin aiki, kuma ba wanda ya yarda ya ɗauki alhakin in wanda aka samo ɗin ma ya ƙi. Da muka tashe ta na ga abin da ya sa aka yanke mata wannan hukunci. A tsaye tana kaɗawa lafiya lau. Amma da ka hau titi ka taka totur sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanka, ka ji wani huci daga gaba, motar kuma ta ƙi jan jiki.

Yadda nake yi wa irin wannan mota kuɗi ba daga bakin mai ita nake farawa ba, ba kuma daga abin da ya saya ba. Takardu nake fara nema: takardar duwan, kart giriz wato katin rajistar mota, in duba lambar da ke jikin ƙarfen motar ta yi daidai da ta takarda. In wannan bai daidaita ba, ko kyauta ce ba na so. Daga nan sai in tambayi nawa ƴar'uwarta mai lafiya take a gari a wannan watan, don farashi ya motsa sosai tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Motocin Kwatano da ke shigowa ta Gaya sun yanke, na Lome kuwa sai sun ratso Burkina, hanya ta yi nisa, kuɗi ya ƙaru, shi ya sa tsofaffin motocin da ke cikin gari suka ɗan yi daraja. Daga wannan farashin nake cire gyaran da idona ya gani, sannan in cire mafi munin abin da zai iya fitowa daga wanda ban gani ba. Abin da ya rage shi nake tayawa.

To a nan mafi munin abu turbo ne, don haka na roƙi dattijon ya bar ni in duba da hannuna. Injin yana huce, na kwance tiyon da ke kai wa turbon iska, wurin matsattse ne a bayan inji, sai da na kwanta a ƙasa na zura hannu. Na kama kan sandar da farfelar ke kai da yatsu biyu. Gefe da gefe tana ɗan motsi kaɗan, wanda dama haka take, tunda a kan mai take shawagi in inji na aiki. Na ja ta gaba da baya, ko gezau. Na juya ta, ta juya sumul ba ta gogar bango. Na haska fitilar waya, fukafukan farfelar nan duk lafiyarsu ƙalau, ba wanda ya gutsure ko ya lanƙwashe. Akwai ɗan danshin mai a cikin tiyon, wanda shi ne ya tsorata masu gareji, alhali kusan duk tsohon injin gazuwal yana da wannan, tururin mai ne da ke dawowa daga numfashin inji. Kuma hayaƙin baƙi ne wuluk. Turbon da ke zubar da mai shuɗin hayaƙi yake yi, mai warin ƙonannen mai.

Na tashi na ce masa, "Baba, ni ban ga alamar mutuwa a turbon nan ba. Akwai ciwo a motar, amma ban yarda a nan yake ba. In kana so ka kai a sake duba maka kafin mu yi ciniki." Ya ce ya gaji da ita, bikin ɗiyarsa ya matso. Muka daidaita a miliyan 1 da jika 150.

Ciwon kuwa tiyo ne. Tiyon roba mai kauri da ke ɗauke da iska daga ƙaramin lagireton nan zuwa inji. Daga sama ba ka ganin komai. Sai da na ɗora motar a rami na lura da wani wuri a ƙarƙashinsa, dab da inda aka ɗaure shi, ƙura ta manne da mai ta yi baƙi ƙirin, alhali kewayensa a bushe. Na goge, na matse tiyon da hannu, sai ga tsaga ta buɗe, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. In inji na tsaye a rufe take. Sai turbo ya fara hura iska da ƙarfi take buɗewa, iskar ta tsere. Na'urar da ke auna iska kuwa tana can gaba kafin turbo, ta riga ta gaya wa kwamfutar mota cewa iska kaza ta shiga, kwamfuta ta zuba gazuwal daidai da haka, iskar ba ta iso ba, gazuwal bai ƙone duka ba. Baƙin hayaƙin ke nan, rashin ƙarfin ke nan, hucin ke nan. Jika 12 na sayi wani tiyon a wajen masu kayan mota na hannu. Jika 12, a inda aka ce a kawo 350!

Da yamma na fita da ita hanyar Doso, na wuce filin jirgin sama na Diori Hamani, na taka. Motar ta ɗauka da wani irin ƙarfi har bayana ya manne da kujera, na duba madubi ba hayaƙi ko kaɗan. Na tsaya a gefen titi ni kaɗai ina ta hamdala. Washegari na koma Bukoki na gaya wa dattijon abin da na gani, na ƙara masa jika 100. Bai nema ba, ciniki ya riga ya faɗa, amma farashin da muka yi a kan mataccen turbo aka gina shi, kuma turbon na nan da ransa.

Sauran aikin ba wani labari a ciki. Bel mai haƙora na cikin inji da famfon ruwa na canza su tare, tunda ba wanda ya san yaushe aka taɓa su, kuma in ya tsinke inji ne ya tafi. Mai da filtoci duka, tayoyi biyu, birki, kayan ƙafa na gaba, gas ɗin kilim, wanki da goge fenti. Kayan jiki da na ƙafa na 406 ba su da wuyar samu, don a da an daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Duka-duka jika 380 har da tiyon.

A wajen sayarwa ne na gane cewa tsoron da ya ba ni motar da araha yana nan yana jirana. Dillali zai zo, ya zagaya ta, ya yaba fenti, ya shiga ya ji sanyin kilim, fuska a sake. Da an ɗaga murfin inji ya ga HDi sai ya ja baya. "Kai, maigida, gazuwal ce? Mai turbo? Ai wannan sai ka yi haƙuri." Daga nan tayi ya faɗo miliyan 1 da jika 300, wani ma miliyan 1 da 250. In ce albarka. In ce ku zo mu hau, ku taka da ƙafarku, ku duba madubi. Wani ya hau, ya dawo yana cewa wallahi tana da ƙarfi, sannan ya ƙara da cewa, "To amma ranar da ya mutu fa?" Na nuna rasit ɗin duk abin da na saya, na ajiye tsohon tiyon a but ina nuna wa kowa tsagar. Ba wanda ya ƙara ko dala a kan haka.

Na yi fushi ƙwarai, amma ban ce ba su da hujja ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane da yawa a garin nan sun ga turbo ya cinye musu kuɗi, kuma kusan kullum hanya ɗaya ce. Turbo abu ne da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, man inji ne ke sanyaya shi yana kuma hana shi gogayya. A zuba masa man da aka auno a kwalba a bakin titi, a wuce lokacin juye ba a canza ba, filtar iska ta cika da ƙurar hunturu a fitar a kakkaɓe a mayar har ta huje, yashi ya riƙa cin farfela. A taso daga tafiya mai nisa cikin zafin Afrilu a kashe inji nan take, man da ke cikin turbo ya ƙone ya toshe siririn bututun da ke kawo shi. In ya lalace a sa wani ba a wanke bututun ba, shi ma ya bi sahu. Ga injekta na irin wannan inji ba sa son gazuwal mai ruwa ko datti, kuma ba kowane gareji ke da kwamfutar duba su ba. Mai sayen mota don kai yara lakwal da zuwa aiki yana son wadda kowane makaniki a unguwa zai buɗe ya gane, shi ya sa Corolla mai esans ba ta kwana a kasuwa. Sannan a ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024, litar esans ta koma sefa 499, ta gazuwal 618. Mai yawo cikin gari wannan kaɗai yake gani.

Abin da ya ɓata min rai shi ne ba motata suke yi wa kuɗi ba. Motocin wasu da suka taɓa jin labarinsu suke yi wa, ni kuma a ce in biya. Kuma na tabbata da na sallama a 300 ɗin nan, gobe za a kai ta wani wuri a ce "turbo ce, ka ji ƙarfi", a ɗora rabin miliyan.

Sai na daina kiran dillalai, na zauna na tambayi kaina wane ne wannan motar za ta yi wa amfani. Ba ɗan cikin gari ba ne. Mai doguwar hanya ne. Daga Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wajen kilomita 550 ne. A hannuna motar nan lita 6 take sha a kilomita 100 in an miƙe hanya, wato wajen lita 33, kuɗin bai fi jika 20 da ɗan kai ba. Ƴar'uwarta mai esans da na taɓa riƙewa lita 9 take sha, kusan jika 25 ke nan duk da arahar litar. Tankinta lita 70 ne, sai ka je Tawa ka kamo hanyar dawowa ba ka tsaya gidan mai ba. Da can mutanen wannan yanki ba ruwansu da irin wannan lissafi, saboda man Najeriya mai araha da ke shigowa ta Illela. Tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, wannan arahar ta kau.

Na baza magana a wajen abokai ƴan Adar, wato yankin Tawa, ba a jima ba aka haɗa ni da wani Alhaji ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Tawa da Yamai kusan kowane mako, kuma yana da manyan motocin gazuwal masu ɗaukar albasa. Da direbansa ya zo. Direban bai tambaye ni komai ba. Ya taɓa inji ya tabbatar a huce yake, ya ce in tashe ta, shi kuma ya koma baya ya tsuguna yana kallon salansa. Ya buɗe murfin zuba mai inji na kaɗawa, ya ɗora shi a bakin ramin ya ga ko tururi zai cilla shi. Ya ja ta muka fita bayan gari, ya sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ya taka har ƙasa yana saurare. Da muka dawo bai kashe ta nan take ba, ya bar ta ta ɗan kaɗa tukuna. A nan na san ta sami gida. Ya ce, "Alhaji, lafiyarta lau." Na kawo tsohon tiyon na ba su labari, Alhaji ya jujjuya shi a hannu ya ce shi ma an taɓa sa shi sayen turbo a kan irin wannan.

Na ce miliyan 2 da jika 100, ya taya miliyan 1 da 800, muka tsaya a miliyan 1 da jika 950, ya biya a ranar, muka yi takardar sayarwa da shaidu. Abin da na zuba duka miliyan 1 da jika 630 ne. Na ba wanda ya haɗa mu jika 25 na goro. Abin da ya rage bai kai jika 300 ba, kuma in za a yi wa ranakun hutun da na kwashe a ƙarƙashinta kuɗi, ba wata riba ce mai yawa ba. Amma tsakanin tayin dillalai da abin da Alhaji ya biya akwai jika 650, a kan mota ɗaya, a gari ɗaya, a wata ɗaya.

Kwanan baya aka kira ni Talaje in ga wata tsohuwar Prado mai injin gazuwal na lita 3, ita ma an ce turbo ne, kuma an ji labarin 406. Na zura hannu, sandar tana kai da kawo gaba da baya har ana jin ƙararta, gefen fukafukan ya cinye, tiyo cike da mai yana ɗiga. Na buɗe lagireto inji na kaɗawa, ruwan yana ta kumfa, alamar kan inji ya taɓa yin zafi har ya tsage. Na wanke hannuna, na yi wa mai ita bayanin abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, ban ko taya ba.