Godiya ga waɗanda suka tsallakar da ni Kwara

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an ɗaura aure ranar Asabar, 'yan rakiya sun koma gida lafiya, amarya ta tare. Waɗanda suka zo, da waɗanda suka aiko, da waɗanda suka bugo waya, Allah ya bar zumunci. Sai dai akwai wata godiya ta daban da ba zan iya barin ta a ciki ba. Duk wanda ya san ni ya san ni da ruwa ba ma ga maciji, ga shi kuma gidan surukaina a cikin wani gungu yake, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, a ƙasar Yauri. Babu hanyar mota, sai jirgi.

Zan fara da mutumin da ban san sunansa ba. Ina aji biyu na firamare santsi ya kwashe ni na faɗa kududdufin bayan unguwarmu a cikin birnin Kano, irin ramukan nan da aka haƙe ƙasarsu aka yi ginin gidaje, damina ta zo ta cika su. Wani almajiri da ke wanki a bakin ruwan ne ya kamo wuyan rigata ya jawo ni. Ya ɗauki ƙoƙonsa ya tafi, ni kuma na isa gida jiƙe sharkaf na sha bulala, aka ƙara mini da labarin aljanun ruwa masu jan ƙafar yara. Tun daga ranar ko gada mota za ta hau sai na runtse ido. Bawan Allah, in kana raye, Allah ya ba ka abin da kake nema. In ka rigaye mu, Allah ya haskaka kabarinka.

Da maganar auren ta taso, abokai suka ce ai ango ba dole ne ya je wurin ɗaurin aure ba, wakili ya wadatar. Gaskiya ne. To bayan nan fa? Suna, gaisuwar rashin lafiya, ta'aziyya, duk wakili zan riƙa aikawa? Umma ita ma ba ta so ba da farko, kuma ban ga laifinta ba. Ta tuna mini jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ɗauke da mutum fiye da 150, da na ɗaliban Islamiyya a dam ɗin Watari da ke Bagwai a watan Nuwamba na shekarar. Daga baya ita ce ta ce, "Je ka, Allah ya tsare, amma ka nemi wanda zai koya maka." Umma, na gode.

Wanda ya koya mini kuwa kakan amarya ne, tsohon masunci da ya haura saba'in. Ranar da aka kai ni gaishe shi a Yelwa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne Bakanon da zai ƙwace mini mata, ko ruwa bai iya ba?" Aka yi dariya. Washegari da sassafe ya aiko jikansa ya kira ni bakin kogi, can gefe inda babu masu wanki balle 'yan kallo. Wannan suturar da ya yi mini ita ce abin da ba zan manta ba, domin a baya duk wanda ya ce zai raba ni da tsoro, da tsokana yake farawa, wani ma ya ce a tura ni ciki kawai zan koya. Baba bai taɓa ce mini matsoraci ba. Cewa ya yi wanda ba ya tsoron Kwara bai san ta ba.

Ranar farko iya gwiwa muka tsaya, muna hirar farashin albasa. Sannu a hankali aka kai ƙugu, aka kai ƙirji. Ya ba ni gora irin wanda masunta ke kifa ciki a kai, na rungume shi har hannuwana suka yi tsami. Ranar da ta fi wuya ita ce ranar da ya ce in kwanta rigingine, in bar kunnuwana su shige ruwa, in ɗaga haɓa, in cika ƙirji da iska. Tafin hannunsa na ƙarƙashin bayana, ina jin kaushinsa. Ya ce ƙirjin da ke cike da iska ba ya nutsewa, abin da ke kai mutum ƙasa shi ne firgita da ɗaga hannuwa sama. Ina kallon sama ina ta salati, can na jiyo muryarsa daga nesa yana tambaya ta ko na karya kumallo. Ashe ya daɗe da janye hannun.

Ya kuma koya mini abubuwan da 'yan birni ba mu sani ba. Mai nutsewa ba a tunkarar sa ta gaba, don zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Gwangwala ko jarka marar komai ake miƙa masa. A cikin tafkin Kainji akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, shi ya sa matuƙin kirki ba ya tafiyar dare, ba ya lodin da ya wuce ƙima. Ban zama gwani ba, kar wani ya sa sunana a gasar Rigata, bikin wasannin ruwa na Yauri. Amma iya ruwa fid da kai, kuma yanzu ina iya fitar da nawa.

Ranar Asabar matuƙinmu ya ƙirga mu, ya ce sai an yi sawu biyu, wasu suka yi gunaguni, bai kula su ba. Ya sa kowa ya ɗaura rigar kariya a kan babbar rigarsa, har da Kawu da ya ce za ta ɓata masa guga. Liman ya karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", aka tayar da inji. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba, amma idona biyu har muka isa gaɓa. Malam matuƙi, Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Abokaina da suka haɗa kuɗi suka sayi rigunan kariyar, mun bar su a hannun matuƙin don amfanin masu fito, Allah ya sa a mizani. Amarya da ta riƙe sirrina ba ta taɓa yi mini gori ba, tawa godiyar sai a gida. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Baba kuma ya ce in an sha ruwa bayan sallah ƙarama in koma, saura nutso.