Abin da ɗaukewar sabis ta koya mini a Gusau

Ni ne na ba shugabannin asibitin kuɗin da nake yi wa aiki a Gusau shawarar mu kashe ƙaramar sabar da ke ofishinmu, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan asibitin, mu mayar da bayanan marasa lafiya kacokan kan intanet. Hujjata tana da ƙarfi a lokacin, domin sabar tana cin man janareta da batura, alhali abin da take ajiyewa akwai kwafinsa a wani wuri. Kuɗin da muke kashewa ya ragu, kowa ya yaba.

Da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, sai muka wayi gari likita ba ya iya ganin maganin da ya rubuta wa mara lafiya a makon jiya. A nan na gane cewa abin da na kira ɓarna shi ne rumbunmu, kuma manomi ba ya rushe rumbu don kasuwa tana ci kullum.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya, domin da sunan gyara na yi shi. Na sa kowace kwamfuta ta riƙe nata kwafin, su riƙa daidaitawa idan sabis ya dawo. Tsarin ya yi sarƙaƙiyar da ni kaɗai nake fahimtarsa, har aka samu mara lafiya ɗaya da fayil biyu masu saɓa wa juna, wanda a ganina ya fi rashin fayil haɗari, tunda likita zai yarda da abin da ya gani. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba 2021 wani sauyi a saitin hanyoyin sadarwar Facebook ya ɗauke shi tare da WhatsApp da Instagram na kusan awa shida, kuma gyaran ya yi jinkiri ne saboda kayan aikin injiniyoyin sun dogara da hanyar da ta katse.

Yanzu saba ɗaya muke da ita a ofis, ita ce uwar bayanai, kuma tana tura kwafi waje kowane dare. Mun koma sayen mai, ban kuma yi nadama ba. Duk ƙarshen wata nakan cire wayar intanet da gangan, ma'aikatan kati su yi aikin yini guda ba tare da sun kira ni ba.