Yadda kwalejinmu ta cancanci neman tallafin gwamnatin tarayyar Amurka

Ina aiki a ofishin neman tallafi na wata ƙaramar kwalejin al'umma a Amurka, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne, wasunsu ma su ne na farko a gidajensu da suka taɓa wuce sakandare. Da aka ɗora mini nauyin nema mana kuɗin da Ma'aikatar Ilimi ke bayarwa a ƙarƙashin babi na uku na Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 1965, na tarar cewa kafin a karɓi takardar neman kuɗi daga makaranta, sai ma'aikatar ta fara tabbatar da cewa ta cancanta.

Bayan izinin hukumar tantance makarantu, manyan sharuɗɗan biyu ne. Na farko, aƙalla rabin ɗaliban su kasance suna karɓar taimakon gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, ko kuwa kason masu cin tallafin Pell (kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi) ya zarce tsaka-tsakin na makarantu irin tamu. Na biyu, abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi ya gaza na takwarorinmu. Makarantar da ta kasa cika ɗaya tana iya neman a ɗage mata shi, muddin ta kawo hujja.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba daga bakinmu ma'aikatar ke jin talaucin ɗalibanmu ba. Tana ɗauko shi ne daga alƙaluman da muka riga muka shigar a IPEDS, rumbun bayanan manyan makarantu na gwamnatin tarayya, tun kusan shekara biyu da suka wuce. Ɗalibin da bai cike fom ɗin FAFSA na neman taimakon kuɗin karatu daga gwamnatin tarayya ba, ko da abincin dare yana gagararsa, ba ya cikin lissafi. Mun samu irinsu da yawa: wasu tsoron bashi ne ya hana su, alhali ba a mayar da kuɗin Pell, wasu kuma iyayensu ne ba su son bayyana takardun haraji. Saboda haka muka riƙa kafa tebur a ɗakin cin abinci da yamma, muna zama da su muna cike fom ɗin layi bayan layi. Na tuna wata uwa mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wadda ta zo da takardunta a cikin leda, muka kammala fom ɗin tana duba agogo saboda motar haya.

Cancanta ba ita ce kuɗi ba. Ƙofar shiga gasa kawai take buɗewa, kuma sai an gabatar da tsarin aiki na shekara biyar. Duk da haka tana da amfani nan take, domin an yafe mana kason da ya kamata mu zuba a shirin da ke bai wa ɗalibai aiki suna karatu.

Da ma muna sa ido a kan tallafin babi na biyar na dokar, wanda ke buƙatar kashi 25 cikin ɗari na ɗalibai su zama 'yan asalin Latin Amurka, amma a watan Satumbar 2025 ma'aikatar ta sanar da dakatar da kimanin dala miliyan 350 na shirye-shiryen da suka dogara da ƙidayar ƙabila. Wannan ya sa muka mayar da ƙarfinmu gaba ɗaya ga shirin babi na uku wanda ma'auninsa talauci ne.